Akun Jebel Ali da Larabcinsa

Al Qusais

Ranar Asabar, da idar da sallar Asuba na fito. 'Yata Hauwa, mai shekara shida, ta yi wata guda ba ta karɓar waya idan na kira Kano, don shekara biyu rabona da gida. Mamanta ta ce ba abin da take so irin aku. Wato ni, ƙato da gemu, sai na nemi tsuntsu ya yi mini ceto.

Na hau metro, jirgin ƙasan cikin Dubai, na canza a Deira. Dirhami bakwai da rabi, kuma a tsaye na tafi, hancina cikin hammatar wani bawan Allah.

Jebel Ali

Ɗan'uwana Sani, direban motar kwantena, ya tarbe ni. A ofishin maigidansu akun yake. Mai gadi ya jujjuya katina kamar gidan gwamnati za mu shiga. Muka karya da shayi da burodin Indiyawa, muna jira gari ya waye a Kano.

Akun ba irin namu ba ne mai toka-toka da jan wutsiya. Wannan ja ne wur, fukafukai shuɗi da rawaya, wutsiya ta kai kamu guda. Yatsu biyu gaba, biyu baya, da su yake riƙe gyaɗa ya kai baki. Sani ya ce daga dazuzzukan Kudancin Amurka kakanninsa suke, inda suke ƙwai a kogon itace, su ci yumɓun bakin kogi, kuma namiji da mace ba sa rabuwa. Nan kuwa an ba shi keji da esi mai sanyaya ɗaki, shi kaɗai, har ya tsige gashin ƙirjinsa. Dubai ta karrama shi yadda take karrama kowa.

Na kira, na juya masa wayar. Hauwa ta leƙo, baki a tsuke.

Na yi masa tsokanar da muka tashi da ita: "Aku kuturu!"

Ya dube ni da ido ɗaya.

"Yaya, ba ya jin Hausa fa," in ji Sani. "Abin da maigida ke faɗa wa leburori kawai ya iya."

Sai ga muryar Hauwa: "Aku kuturu!"

Tsuntsu ya miƙe wuya: "Bukra, inshallah! Khalas!"

Ta tuntsire da dariya. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla.

"Baba, me ya ce?"

"Ya ce gobe, in Allah Ya yarda."

Sai ta ce: "To ai kai ka koya masa."

Komawa

A hanyar komawa Al Qusais na samu kujera, na zauna ina tuna sau nawa na ba ta wannan amsar in ta tambaye ni yaushe zan dawo gida. Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Sani. Akun kuwa, Allah Ya isa tsakanina da shi, don ban tafi neman gaskiya ba.