Illa da Ƙasan Barajinmu

Bana shekara tara ke nan da muka kai wana Illa makwancinsa, a ƙauyenmu da ke yankin Garhanga. Ciwon hanta ne ya kwantar da shi bayan girbi, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Duk wanda ya taɓa dasa albasa a bakin barajinmu ya san shi, domin shi ne mai auna ruwa.

Barajin nan ruwan damina yake tarewa, wanda ke gangarowa daga duwatsu, da shi muke noman rani. Sai dai ruwan yana tafe da yashi da laka, kowace shekara suna ƙara cike ƙasan. Daga baki za ka ga ruwa shimfiɗe har ranka ya yi fari, alhali a wani wurin bai kai gwiwa ba. Wata shekara muna samari ruwan ya ƙafe albasa ba ta yi kai ba. Asarar da aka yi ta tura maza da yawa ci-rani, wasu ba su sake zama gida ba. Tun daga nan Illa ya ce ba zai ƙara dasa komai ba sai ya san abin da ke ƙasa.

Kayan aikinsa igiya ce mai ƙulle-ƙulle, da dutse ɗaure a bakinta, sai jirgin da muke ara wurin wani masunci. Aikin mutum biyu ne. Ni ke tuƙi a baya, shi yana gaba yana sakin dutsen, yana jin inda ya dira, kan tsandauri ne ko cikin laka. Haka za mu wuni muna ratsa ruwan, yana faɗa ina ramawa.

"Abdu, mi kaka kallo can? Aikin ga ƙasa yake, ba sama ba."

"Yaya, hannu ne ya gaji."

"To ba shi haƙuri, mu ida tsallaken ga."

Idan muka fito, manoma na jiranmu a kan bangon barajin. Sai ya ce musu bana a tsaya a kaza, kada a wuce. Wasu su ji, wasu su yi gunaguni, amma yawanci ana kwashe albasa lafiya.

Da ya rasu sai awon ya tsaya. Na gwada da mutum biyu ko uku, abin bai yi ba. Ba laifinsu ba ne. Ni ne idan na ga wani zaune a gaban jirgin sai in nemi dalilin komawa baki. Aka koma dasa albasa da ka. Shekaran bara ruwan ya sake yanke mana a tsakiyar aiki, na ga dattawa tsaye a kan fangalinsu suna kallon ganye yana kwantawa.

Bara wani ɗan garinmu da ke aiki a tashar jiragen ruwa a Abijan ya aiko wa ƙungiyar manoma da wata 'yar na'ura. Ba ta fi lemun zaƙi girma ba, kuɗinta kuma, in ji shi, bai kai na rago ba. Ana ɗaure ta a bayan jirgi tana yawo a saman ruwa. Sauti take aikawa ƙasa, ya bugi laka ya dawo, ita kuma ta gaya wa wayar hannu zurfin wurin. Idan ka gama ratsa ruwan sai wayar ta zana maka taswirar ƙasan gaba ɗaya, mai zurfi shuɗi, marar zurfi ja. Shugaban ƙungiya ya kawo mini har gida, ya ce, "Malam Abdu, kai ka san hanyoyin da kuka bi da marigayi. Kuma an ce wagga mutum guda ya ishe ta."

Gaskiya ya faɗa, mutum guda ya ishe ta. Na shiga jirgin ni kaɗai da hantsi, kafin azahar na gama abin da muke wuni a kansa. Babu mai tsayar da ni, babu mai cewa na karkace. Da taswirar ta fito sai na ga babban ramin da ke kusa da bango, wanda Illa yake cewa ko duk barajin ya ƙafe shi ba zai ƙafe ba, ya zama ja. Laka ta cinye shi. Na ɗaga kai na buɗe baki zan ce, "Yaya, dubi raminka." Sai na ga katakon gaban jirgin kawai.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga wannan na'ura. Na san zai fara da raina ta, ya ce abin da bai taɓa laka ba ina ya san laka. Kwana kaɗan kuma zai ƙwace ta, ya hana kowa taɓawa, domin shi ba igiyar yake so ba, sanin yake so. Abin da ban sani ba shi ne ko zai ci gaba da kirana in tuƙa shi. Ina so in yarda zai kira.

Ni na tsaya a kan bangon na gaya wa manoma a rage dashe sosai, a kuma fara maganar yashe barajin da hukumar komin, wato ƙaramar hukumarmu. An yi gunaguni fiye da na da. An rage ɗin, albasar ta kai. Maganar yasa har yanzu tana hannun manya.

Da yammacin ranar awon na biya gidansa. Matarsa Hajo ba ta sake aure ba, kuma tun da aka kawo ta garin nan ba ta taɓa shiga jirgi ba. Na miƙa mata wayar. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta daɗe tana kallon shuɗi da jan nan.

"Ashe nan yaka wuni," in ji ta. "Kullum sai shi dawo da laka har wuya, in tambaye shi mi ag ga ƙasan, shi ce ba ya iya hwaɗi, sai dai a gani."

Ta nemi in bar mata wayar ta ƙara dubawa. Na bar mata, na koma gida hannu sake.

Illa bai bar dukiya ba, ramin da ya amince da shi ma ya cike. Abin da ya rage nasa ɗabi'a ce da ya saka wa gari: yau a ƙauyenmu ko mai gardama ba ya kai iri bakin ruwa sai ya tambaya ko an auna. Ni ake tambaya yanzu. Ina amsawa da gaskiya, amma har yau ban saba da jin amsar tana fita daga bakina ba. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sanyaya makwancinka.