Godiyar da Na Kai Danau Kota

Daga Kano

Kafin assalatu Hajiya ta rako ni bakin ƙofa da ƙullin kilishi. "Alhaji, da furfurarka za ka koma aji?" Na ce mata godiya zan kai. Bara zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ɗanmu Nasiru a Kuala Lumpur, matarsa na da tsohon ciki. Surukarsa, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Xhosa daga Afirka ta Kudu, ita ta yi jinyarsa. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci da Fulatanci, ita kuwa harshenta kaɗai take ji, kuma ƙarshen hutu za ta koma gida. Ban so tafinta ya ɗaukar mini wannan magana ba.

Muka sauya jirgi a Addis Ababa. Daga nan sai teku da gajimare kamar audugar da aka shanya, ina barci ina farkawa.

Cheras

Nasiru ya sa ni a wata makarantar hutu ta 'yan koyon harshen Xhosa a unguwar Cheras, mako shida, safe zuwa la'asar. Kullum jirgin ƙasa na shawagi da ni saman gidaje, ruwan sama na gangarowa a gilashi, ni kuwa ina ta gwada sautukan Xhosa, ina buga harshe a ganɗa kamar mai kiran kaji. Zainab, 'yar Katsina da muke aji ɗaya, takan ce, "Baba, boleh lah, za ka iya! Saki harshen, ba goro ba ne."

Wata rana malamarmu ta ce enkosi, wato na gode, ta ishe ka a kanti. In alheri ya yi girma, sai a kira mutum da sunayen kakannin zuriyarsa, ɗaya bayan ɗaya. Na tuna maroƙan garinmu da waɗanda na ji a Bamako. Ashe kirari ne. Matar Nasiru ta riƙa koya mini sunayen kakannin mahaifiyarta a ɓoye.

Danau Kota

Ranar tafiyar surukar Nasiru na same ta a falon gidansu da ke unguwar Danau Kota, jikanmu a cinyarta, akwati a bakin ƙofa. Na durƙusa na fara. A suna na uku harshena ya sarƙe. Ta ɗago kai ta faɗi sunan a hankali, yadda mamu ke yi wa liman gyara a tarawihi. Tare muka ƙarasa.

Ta rufe fuska da gyale, sannan ta yi doguwar magana. 'Yarta ta fara fassarawa, na ɗaga mata hannu. Kalma biyu na kama, unyana wethu, sun kuwa ishe ni.

Gida

Da hantsi na sauka Kano. Ko takalmi ban cire ba Hajiya ta ce, "To ɗalibi, me ta ce?"

"Cewa ta yi ɗanmu. Nasiru namu ne, mu da ita."

Hajiya ta matso mini da kwanon fura. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni.