Kek Ɗin Lorna da Hoton da Ba a Ɗauka Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, Noelene Pfitzner ta faɗi a bayan gidanta da ke garin Cleve tana shanya wanki, ba ta sake tashi ba. Babbar jijiyar jinin da ke fita daga zuciya ce ta tsage. Tana da shekara saba'in da huɗu. Ni ce Valmai, ƙawarta tun muna 'yan mata, kuma gara in faɗa tun yanzu: da fushi nake rubutun nan.

Noelene, ke da ba a yi jana'iza a garin nan ba tare da tiren kek ɗinki ba, yau ga mu muna toya naki, kuma duk ya ƙone a ƙasa. Shekarar da gobara ta cinye mana alkama, ke kika kwashe 'ya'yana kika riƙe su har muka farfaɗo, kika dawo mini da su sun yi ƙiba, sun raina girkina har yau. Kin koya wa rabin matan cocinmu saƙa, kina zaginsu kina gyara musu. Wannan duk kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi zan faɗa.

Tun cikin sanyin bana ciwon kai ya kama ki, muƙamuƙinki na ciwo in kina tauna, kina ramewa. Likitarmu ta ce jijiyoyin jininki ne suka kumbura, ta ɗora ki kan magani, ta ce tana tsoron kumburin ya kai babbar jijiya. Ba a gane hakan sai da wata na'ura a birnin Adelaide mai ɗaukar hoto iri biyu lokaci guda: ɗaya ya nuna surar jijiyar, ɗaya ya nuna inda ciwon ke ci. Ana yi wa mutum allurar wani sukari, ya je ya taru a wurin kumburin, ya haska. Sharaɗi ɗaya ne: a zo ba a ci komai ba. In jini ya riga ya cika da sukari, hoton ya tashi a banza.

Ni na tuƙa mu. Muka kwana a hanya, a garin Balaklava, gidan Lorna, ƙanwar mijinki, don ɗan yankinmu ba ya wuce ƙofar dangi ya sauka a otal. Da safe sai ga Lorna da kek na zuma, da zafinsa.

Na ce, "Lorna, ɗauke. An hana ta."

Ta ce, "Haba Val, yanka ɗaya? Dubi yadda ta koma kamar sandar shinge. Tun asuba nake gaban tanda."

Na ce, "Noelene, ki taɓa shi in bar ki nan, ki shiga Adelaide a ƙafa."

Kika ce, "Rufa mana baki, tsohuwar banza. Tun da na shigo dangin nan amarya ban taɓa mayar wa Lorna da faranti ba, ba yau zan fara ba."

Kika ci. Kika ƙara, don Lorna ta ce na farkon gefe ne. Kika kora da shayi mai sukari kina kallona kina dariya.

A asibiti aka ɗiga jinin yatsanki, ma'aikaciyar ta girgiza kai. Maganin da kike sha dama yana ɗaga sukari, kek ya ƙarasa. Suka ce layi ya cika, sai bayan makonni. Muka juyo gida, tafiyar yini guda. Ranar da aka sake ba ki ita ce Litinin mai zuwa.

Likita ta ce mini ko an ɗauki hoton ba lallai a cece ki ba. Na ji. Amma da sun gani, da an san abin yi, da ba ki tafi da kwandon wanki a hannu ba. Ina fushi da masu tsara lafiya da suka bar yanki guda na manoma sai sun kwana a hanya kafin a leƙa cikinsu. Ina fushi da wannan halin namu: mace ta ce a'a, mu tura mata faranti mu kira shi ƙauna. Ina fushi da ke, da kika fi tsoron ɓata ran Lorna a kan mutuwa.

Ubangiji ya jiƙanki, ya ba ki hutawa, ya gafarta miki taurin kai, don ni ban gama ba tukuna. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Clarrie, da 'ya'yanki Darren da Leanne, da jikoki. Allah ya ba ku haƙuri.

Ke kuma Lorna, an ce tun ranar rasuwar kin kulle kanki, kin ce ba za ki iya haɗa ido da mu a coci ba. Ki zo jana'izar ranar Juma'a. Ban huce ba, kar ki yi tsammani. Amma na ajiye miki wuri kusa da ni, a gaba.