Ranar da Malam Iliya Ya Zo Neman Izinin Hoton Yayana

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Malam Iliya makwancinsa. Duk shekara nakan ce zan yi rubutu a kansa, sai in rasa ta inda zan fara. Bana na ga gara in ba da labarin yadda muka haɗu, don halinsa duk yana ciki.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin da wani abu ne, ina saurayi ina ɗinki a unguwar Gangare ta Jos. Wasu Turawa suka zo Jos za su haɗa fim a kan haƙar kuza, suka ɗauki Iliya aikin nemo musu hotunan da za su saka. A bangon shagon wani ɗan tireda ya ga hoton leburori a bakin rami, na gabansu ɗauke da kwanon ƙasa a ka, yana dariya. Baturen da ke shugabantar aikin ya ce da wannan za a buɗe fim ɗin. Mai shagon ma ya ce a ɗauka kyauta. Iliya ya ce mai shago mannawa kawai ya yi, ba shi ya ɗauki hoton ba, saboda haka ba shi da ikon bayarwa.

Ya yi ta cigiya har aka kai shi Gada Biyu wurin Baba Lasisi, wani dattijon Bayarabe mai ɗaukar hoto. Dattijon ya ce aikinsa ne, ya ba da izini bisa sharaɗin a rubuta sunansa. Har Iliya ya miƙe, sai ya tambaye shi ko ya san mai dariyar nan. Baba Lasisi ya ce ɗan Gangare ne, rami ya rufta da shi jim kaɗan bayan ɗaukar hoton.

Yayana ne, Hamza. Mu a gida ba mu ma san an taɓa ɗaukarsa hoto ba. Mahaifiyarmu, Inna, tun rasuwarsa ko sunansa aka ambata sai jikinta ya ɗau rawa. Fim ɗin kuwa a fili za a haska shi da majigi, kowa da kowa zai je, har mata.

Daga baya na ji cewa Baturen ya fusata, ya ce izinin wanda ya ɗauki hoton ya wadatar, lokaci ya ƙure, in Iliya ba zai miƙa hoton ba akwai masu neman aikinsa. Iliya ya ce a bar shi ya ga uwar mamacin tukuna.

Da ya zo shagona ya yi mini bayani, na so in kore shi, don ina tsoron abin da zai sami Inna. Ya ce mini gara ta ga hoton a ɗakinta da ta gan shi kwatsam a bainar jama'a, kuma in ta ce a'a, magana ta ƙare. Na kai shi gida wurinta, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ni na miƙa mata hoton.

Ta daɗe tana kallo. Ta goge shi da gefen mayafinta, ta ce, "Ka ga, har na manta yana da wushirya." Sai na ga tana murmushi, abin da na daɗe ban gani ba. Ta dubi Iliya ta ce, "Ɗana, ku saka shi. Amma ku faɗi sunansa, kada ku ce lebura kawai."

Na sauke ajiyar zuciya. Iliya ya yi mata alkawari, muka fito.

Ranar da aka haska fim ɗin, Inna ta je. Fuskar Hamza ta cika farin ƙyallen, mai bayani ya faɗi sunansa da unguwarsa, 'yan Gangare suka yi ta yi masa addu'a. Inna ta riƙe hannuna gam, ba ta faɗi ba, ba ta yi kuka ba. A hanyar gida ta yi ta ba ni labarin ƙuruciyarsa.

Yau idan hatsari ya auku, kafin a kai gawa asibiti hotonta ya zaga gari a wayoyi, uwa ta tsinci hoton ɗanta a hannun maƙwabta. Ina tunanin abin da Malam Iliya zai ce. Na san ba zai yi dogon wa'azi ba. Tambaya kawai zai yi, wa ya ɗauka, wa ke ciki, an tambaye su?

Fim ɗin ya ɓace, ban san mai kwafinsa ba. Iliya bai bar gida mai bene ba, bai bar sarauta ba. Amma Inna ta rayu shekaru bayan wannan rana tana ambaton Hamza ba tare da rawar jiki ba, kuma har ta koma ga Allah, idan tana yi wa 'ya'yanta addu'a, da Iliya take rufewa. Allah ya jiƙansu duka.