Jan Ƙyallen Sabitu

Wai gefen titin da masu keke ke bi ne ke jawo cunkoso, don haka a fasa shi a ƙara wa motoci. Haba! Masu faɗin haka ba su taɓa tsayawa a Ƙofar Wambai da safe ba.

Ga wani bawan Allah a keken guragu, yana murzawa da hannu, kafaɗunsa kamar na ɗan dambe. A jikin akwatin kayan aikinsa an rubuta "Sabitu Mai Gyaran Takalma". Ya ɗaura jan ƙyalle a doguwar sanda a bayan keken, don direban tipa ba ya hango na ƙasa. Wataƙila an taɓa kusan take shi.

Daidai inda aka fara fasa gefen, ya tsaya cak. Wani mai babur, ko dubawa bai yi ba, ya danna hon: "Malam, sauka ka tura mana!"

Sabitu ya waiwayo. "To ara min ƙafarka."

Ya gyara sandar, ya yi bisimilla, ya kutsa tsakanin motoci.

Ƙyalle ba ya tsayar da tipa, jama'a. Ku masu ƙafa da waya, ku buɗe baki kafin a fasa sauran!