Mushe a Gaban Mai Waina

Wani mutum yana tsaye gaban tandar Raïmatou mai waina, ƙafafu a gwame, takalmi fari fat kamar bai taɓa taka Zongo ba. Kafin ya karɓi komai sai ya waiga hagu, ya waiga dama. Na ce ko ɓarawo ne. Wani ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya ce, "A'a, Hajiya, ɗan ƙwallo ne, ɗan tsakiya, haka suke duba baya kafin ƙwallo ta iso." Wai ya buga a Tunusiya da Turkiyya, har ƙasar ƙanƙara.

Duk yawon nan, wainar Iya Labiba yake tambaya, wadda ta rasu tun tuni. Raïmatou ta dubi takalmin ta ce, "Mushe, a sa yaji?" Fuskarsa ta faɗi. Ya dawo layin da aka goya shi, ana kiransa mushe, wato malam da Faransanci.

Na ce, "Ke, mushe a gidanku! Wannan da ransa, kuma ɗanmu ne. Wane baƙo ya san Labiba?"

Gwiwarsa har ƙara take, amma sai da ya durƙusa ƙasa a gabana ya ce, "Ina wuni, Iya."