Fuskar Kakana a Hoton Boma

Inna ba ta taɓa ba ni sautu ba sai a shekarar da ƙasar Sin ke shirin wasannin Olamfik. Na daɗe ina zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou, ina saro mayafai da takalman mata, kuma duk tafiya sai dangi sun ɗora mini nasu: wannan waya, waccan jaka, wata har da tukunyar dafa shinkafa, kamar jirgin nawa ne. Ita kuwa ko tsinke ba ta taɓa cewa in kawo mata ba. Ranar da na je yi mata sallama ta ce in turo ƙofa. Ta jawo adakarta, ta kwance wani ƙullin ƙyalle, ta fito da hoton.

Tun ina ƙarama na san shi. Bai kai tafin hannu ba, tsufa ya mayar da shi ruwan ƙasa. Sojoji ne baƙar fata a cikin rafi, ruwa iya gwiwa, itatuwa sun rufe musu sama, wasu da bindiga wasu da kaya a ka. Na biyu daga hagu shi ne mahaifin Inna. An ɗebe shi yaƙin Boma tana cikin ciki, bai dawo ba. Wani abokinsa da ya dawo ne ya kawo wa kakata hoton, ya ce wani Bature mai ɗaukar hoton sojoji ya ɗauke su a dajin da suke fafatawa da Jafanawa, ya ɗora yatsa ya ce ga shi nan. Kan mutumin bai fi ƙwayar wake ba. Duk ranar da Inna ta fito da shi sai ta ɗora farce a wurin ta ce, "Kun ga zanen kumatunsa? Irin nawa ne sak." Mu kuwa mu ce mun gani.

"Likita ya ce idon nan tafiya yake yi," in ji ta. "An ce mutanen can ba abin da ba sa iyawa. Ki sa su buɗa mini shi ya yi girma, in ga fuskar Baba kafin hasken ya ɗauke."

Na ce ai ko a nan Kano akwai masu yi. Ta harare ni ta ce ba za ta ba yaran nan masu ɗaukar hoton biki ubanta ba. Na sa shi a lalitar da nake ɗaurawa a ƙugu, tare da fasfo.

Guangzhou ta wannan shekarar ba ta yi mana daɗi ba. Biza gajeriya suka ba ni, aka kuma ce ba zancen ƙari, saboda wasanni. A masaukinmu na unguwar Sanyuanli 'yan sanda na iya ƙwanƙwasa ƙofa kana tsakiyar cin abinci su ce fasfo. Ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, bango na gumi, in ka shanya zane sai ya fara wari bai bushe ba. Na yi ta hawa da sauka a benayen kasuwar Baima har gwiwoyina suka kumbura. Da na haɗa kan kayana, sai na nemi mai yi mini lodi, wani magidanci ɗan Maraɗi da ya daɗe a garin har Sinanci ya zauna a bakinsa, na ce ya kai ni inda ake gyaran hoto.

Wani lungu ya kai ni, shago ɗan ƙarami da injin bugawa ya cinye rabinsa. Ko'ina jajayen tutoci ne da hotunan 'yan tsanar wasannin, an jibge su har bakin ƙofa. Mai shagon mace ce, sa'ata, gajeren gashi da tabarau. A gefe mahaifinta ne zaune a kujerar roba, tsoho tukuf, da singileti da butar shayi, yana fifita.

"Nihaw, lawban," in ji ɗan Maraɗi, wato sannu mai gida. Ya yi mata bayani. Ta karɓi hoton da hannu biyu, abin da ya sa na ji ta kwanta mini a rai. Ta kifa shi a kan gilashin inji, haske ya ratsa, sai ga dajin Boma ya cika fuskar kwamfuta.

Na zauna ban san na zauna ba. Abin da muka yi shekaru muna gani dishi-dishi ya fito ɓaro-ɓaro. Ganyaye manya kamar faifai. Wani soja da takalmi ƙafa ɗaya rataye a wuyansa. Wani ya ɗaure goshi da tsumma, idonsa ya faɗa, ƙasusuwan wuyansa a waje. Ashe yara ne. Duk tsawon rayuwata dattawa nake ɗaukarsu, ashe babu wanda ya kai shekarun ɗana na fari a cikinsu.

Na nuna mata na biyu daga hagu. Ta jawo shi, ta ƙara, ta ƙara. Ga hula, ga kafaɗa, ga hannu riƙe da igiyar kaya. Tsakanin hula da wuyan riga kuwa farin tabo ne kawai, da 'yan layuka a kwance a kansa.

"Meyo," in ji ta. Wannan kalmar ko yaron goye ya zo garin zai koye ta. Babu.

Raina ya ɓaci nan take. Na ce wa ɗan Maraɗi ya gaya mata injinta ne na banza, ni da idona na sha ganin fuskar nan, har zane gare ta. Na ce in ba ta iya ba ta faɗa, shaguna ba su ƙare ba. Ya ce, "Hajiya, yi haƙuri, a hankali." Na ce ba zan yi ba. Matar ta buɗe injin. Ta ɗauko hoton, ta ajiye ƙarƙashin fitila, ta miƙo mini madubin ƙara girma.

Na duba. Takardar ce ta cinye a daidai wurin, har ta yi ɗan rami. Layukan da muke cewa zane ba a fuska suke ba, a jikin takarda suke, sun ƙetare har kan hula. Sawun farce ne. Na kuwa san farcen. Kakata ta fara, Inna ta ɗora, kullum ana cewa ga shi nan, ga shi nan, har aka goge shi. Kunyar masifar da na gama yi ta kama ni.

Muna cikin haka tsohon ya taso yana jan ƙafa, ya tsaya a bayanmu. Ya nuna ƙasan hoton ta dama, ya yi wata magana da ƙarfi. A wurin akwai wani abu baƙi a bakin rafi da mu a gida muke ce wa kututture. 'Yarsa ta jawo wurin. Mutum ne kwance, rabin jikinsa a ruwa, da 'yar hula mai ƙyalle a ƙeya, bakinsa a buɗe. Saurayi ne. Girarsa, haƙoransa, har ɗan tabon da ke haɓarsa, komai ya fito tas, don shi ba wanda ya taɓa ɗora masa yatsa.

Tsohon ya shiga magana ba tsayawa, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Ɗan Maraɗi ya rage murya ya ce, "Ya ce sojan Jafan ne, ya san hular. Ya ce yana yaro suka shigo garin nan. Mahaifiyarsa ta fita neman shinkafa ba ta dawo ba." Tsohon ya tambaya wane ne nawa a ciki. Aka nuna masa mai farin tabon. Ya rusuna wa kwamfuta, ya juyo ya rusuna mini, ya zuba mini shayi da hannunsa. Sannan ya koma kan gawar yana dariya, hawaye na zuba, yana buga teburi.

Na karɓi shayin na kasa sha. Ban san ko kakana ne ya kashe yaron ba. Igiyar kaya ce a hannunsa, ba bindiga ba. Na tausaya wa tsohon, amma dariyarsa ta tayar mini da tsigar jiki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na ƙetaro duniya neman fuska guda, sai aka ba ni ta wani. Wataƙila can a ƙasarsu akwai wata tsohuwa kamar Inna da za ta ba da duk abin da ta mallaka ta ga wannan haɓar.

Mai shagon ta yi wa ɗan Maraɗi magana tana kallona.

"Ta ce za ta iya yi masa fuska," in ji shi. "Ta ce in akwai wani hotonsa, ko na ɗansa."

"Babu. Bai bar ɗa namiji ba."

Ta sake magana, ta nuna ni da haɓa.

"Ta ce to ke fa? Ta ce jini ɗaya ne."

Na ce a'a. Na ce wannan ai ƙarya ce, ni ban zo nan in haɗa wa uwata ƙarya ba. Na miƙe, na kai bakin ƙofa. Ruwa ake tsugawa, lungun ya zama kwata. Na tsaya ina tunanin yadda zan shiga ɗakin Inna in ce mata Baba babu shi, ke da mahaifiyarki kuka share shi da hannunku. Na juya maganar ta kowace fuska, ban sami yadda za ta fito daga bakina ba. Bizata kuma ta kusa ƙarewa, ba ni da wata dawowa kafin idon ya rufe. Na koma na zauna.

Ta juya kujerata wajen fitila, ta ɗan ja mayafina baya daga goshi, ta karkata mini kai daidai yadda nasa ya karkata, ta ɗauka. Ina zaune ina kallo ta ɗebi idanuna da hancina da bakina ta kai ƙarƙashin hular. Ta faɗaɗa muƙamuƙi, ta rage kumatu, ta goge shekaru, ta zuba masa duhu da ƙura irin na sauran har ya saje da su. Da gani ta saba yi wa amare. Da ta zo kan zane, na ɗora yatsa a kumatuna na ja mata yadda na Inna yake, ta bi. Wani saurayi ya fito yana kallona daga cikin rafi. Ban san shi ba, amma gabana sai da ya faɗi.

Na ce a yanke ƙasan hoton, kada gawar ta fito. Tsohon ya tayar da rigima, wai nan ne hoton yake. Na ce hoton kakana ne, ba na ubansa ba, sai ɗan Maraɗi ya ƙi fassarawa. Aka yanke.

Ranar da na koma karɓa, an sa shi a firam, an naɗe da kwali. Na ce "shishe", wato na gode, na juya zan fita, sai idona ya kai saman kujerar tsohon. Ɓangaren da na sa aka yanke ne manne a bango, an buga shi babba, tsakanin kalanda da jar tuta. Yaron na kwance da bakinsa a buɗe, tsohon na ƙarƙashinsa yana shan shayi. Na buɗe baki zan yi magana, na rasa da wane yare zan yi ta, da kuma wane iko. Na rungumi kwalina na fita.

Ban ba masu lodi shi ba, a hannu na riƙo shi har Kano. Da na isa, Inna ta ce a fitar mata da tabarma tsakar gida inda haske ya fi. Ta yi alwala, ta ɗaura sabon ɗankwali, kamar mai jiran baƙo. Na kwance kwalin na jingina firam ɗin a gwiwoyinta. Ta kawo fuskarta dab da gilashin, ta ja baya, ta sake matsowa. Ta daɗe tana dubawa. Ni kuwa ina durƙushe a gefe, zufa na bin bayana, ina jiran ta ce wannan ba shi ba ne.

Sai ta ɗago ta dube ni. Ni ce 'yar farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa tsayar da ido a kaina ba, don kunya. Ranar ta kama haɓata ta juya ni wajen rana, ta dubi hoton, ta dube ni.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ashe ke kika ɗauko shi. Yana gabana duk shekarun nan ban sani ba."

Na sunkuyar da kai na yi kuka, ita ma tana yi, amma ba kuka ɗaya muke yi ba.

Idon ya rufe kafin damina ta zagayo. Bayan nan in na shiga gaishe ta sai ta miƙo hannu ta lalubi fuskata, daga goshi zuwa haɓa, a hankali. Har ta rasu "Babana" take kirana, ni kuma ina amsawa.